Ƙofar kabad tana saki: laifin hinji ne ko na katako?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shirin haɗa kabad ɗin kicin da hannuna a ɗan wurin aikin da na keɓe a gida, kuma kayan aikin da nake da su ba su wuce zarton lantarki na hannu, da injin huda, da sukwaya, da cizal ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne, a gidaje da yawa na ga ƙofofin kabad sun saki tun kabad ɗin bai tsufa ba: wata ta karkace tana gogar 'yar'uwarta, wata ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, wata kuma sukurun hinjinta sun zare gaba ɗaya. Duk wanda na tambaya sai ya ce hinjin ne ba shi da kyau. Shin idan na sayi hinji mai inganci na tsira daga wannan matsala, ko kuwa akwai wani wurin da take farowa? Kuma wane katako ya dace da aikin?

Baba Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam, yarona. Tambayarka ta yi kyau, domin ka yi ta kafin ka yanka katako. A iya abin da idona ya gani a wannan sana'a, hinji shi ne na ƙarshe da nake tuhuma. Idan aka kira ni gyaran ƙofar da ta saki, ina fara auna akwatin kabad ɗin ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan in auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo daidai, akwatin a miƙe yake; idan ɗaya ya ɗara ɗaya da abin da ya wuce milimita 2 ko 3, to akwatin ya karkace, kuma babu hinjin da zai sa ƙofa mai kusurwa huɗu daidai ta zauna lafiya a kan baki karkatacce. Abu na biyu da nake dubawa shi ne inda sukurun suka shiga. Mafi yawan lokaci ƙarfen hinjin yana nan lafiya ƙalau, katakon da ke riƙe da sukurun ne ya ruɓe ko ya dagargaje. Shawarata ita ce ka yi aikinka da katako na asali wanda ya bushe, ka sa masa hinji irin na da mai fukafuki biyu, ka fafe masa wuri da cizal ya zauna cif. Irin wannan aikin yana daɗewa har jikoki su gada.

Malam Mai Zane:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da ku ɗari bisa ɗari a kan batun awon kusurwa da batun sukuru, amma ina neman izini in saɓa muku a kan katakon da ya kamata ya yi amfani da shi. Katako na asali ba ya daina motsi. Yana shan laima daga iska ya kumbura, ya kuma saki laimar ya tsuke, kuma wannan motsin ta faɗi yake faruwa, ba ta tsawo ba. Falankin da faɗinsa ya kai milimita 600 yana iya ƙaruwa ko raguwa da milimita 5 ko fiye tsakanin damina da rani, alhali tsawonsa kusan bai canza ba. Tazarar da ake bari tsakanin ƙofofin kabad kuwa milimita 2 zuwa 3 ce kawai, don haka ƙofar da aka yi da falanki guda za ta maƙale a wani lokaci na shekara, ta kuma buɗe gibi a wani lokacin. Gwanaye irinku suna magance wannan ta hanyar yin firam su saka allo a tsakiya ba tare da gam ba, domin allon ya samu damar motsi a cikin ramin firam ɗin, amma wannan aiki ne da ke buƙatar hannun da ya goge. Ga mai farawa da zarton lantarki da injin huda, filawud mai kaurin milimita 18 ya fi masa sauƙi da aminci, domin an jera yadudukansa ne jijiyar wannan ta gicciye jijiyar wancan, shi ya sa ba ya kumbura ta faɗi yadda falanki yake yi.

Baba Tsohon Kafinta:
Malam, ban musanta motsin katako ba, wanda duk ya yi teburi ya san shi. Abin da nake gudu shi ne yaron nan ya je a ba shi allon da aka matse da garin katako a ce masa duk ɗaya ne. Idan filawud na gaske ne, mai yaduduka da yawa kuma babu ramuka a cikinsa idan an yanka, ba ni da ja a kansa wajen yin akwatin kabad. Amma ya duba bakin allon da idonsa kafin ya ɗauka.

Hajiya Mai Gyaran Gida:
Ina so in tsaya a kan wannan maganar ta Baba, domin a nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Alluna uku ne aka fi yin kabad da su, kuma kowanne da halinsa wajen riƙe sukuru. Filawud yana riƙe sukuru da kyau ta fuska, yana kuma jure ɗan ruwa. MDF, wato allon da aka matse da lallausan garin katako, yana da santsi, yana karɓar fenti fiye da sauran, kuma yana yin kyau sosai a matsayin ƙofa, amma bakinsa yana tsagewa idan aka ɗaura sukuru ba tare da an fara huda masa ƙaramin rami ba, sannan idan ruwa ya shige shi ya kumbura, ba ya komawa yadda yake. Allon ɓarɓashin katako, wanda ake lulluɓewa da farin rufi mai sheƙi, shi ne mafi rauni wajen sukuru, domin tsakiyarsa ba ta da ƙarfi kamar fuskokinsa. Saboda haka a ganina ba dole ba ne a zaɓi allo guda a yi komai da shi. Ɗan'uwa, ka yi akwatin da filawud, musamman wanda zai zauna ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka shafe duk bakin da ka yanka da fenti ko banish kafin ka haɗa, kuma ka ɗaga shi daga ƙasa da ƙafafu masu tsayin milimita 100 zuwa 150 domin ruwan shara kada ya taɓa shi. Ƙofofin kuma idan fenti za ka yi musu, MDF ya wadatar.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, Baba, Malam da Hajiya. Na fahimci batun allo. To a kan hinjin fa? Baba ya ce irin na da mai fukafuki, amma waɗanda nake gani a yawancin kabad na yanzu su ne waɗanda ba a ganinsu daga waje, masu ƙoƙo da ke shiga cikin ƙofar. Wanne ya fi dacewa da ni, kuma yaya ake sanin inda za a huda?

Malam Mai Zane:
Ƙanena, ga mai farawa ina ba da shawarar mai ƙoƙon, kuma dalilina guda ne: ana iya daidaita shi bayan an gama ɗaurawa. Yana da sukurun da ke matsar da ƙofa dama ko hagu, da wanda ke kai ta gaba ko baya, da kuma hanyar ɗaga ta sama ko sauke ta ƙasa, kowanne da kimanin milimita 2. Hinji mai fukafuki ba ya ba ka wannan damar. Inda ka fafe ka ɗaura, nan ya zauna.

Amma kafin batun huda akwai abin da ya fi shi muhimmanci, shi ne ka sayi hinjinka, da relin durowarka, da mariƙanka tun kafin ka yanka allo ko guda, domin su ne za su faɗa maka awon da za ka yanka. Hinji mai ƙoƙo iri uku ne. Akwai wanda ƙofar take rufe bakin akwatin gaba ɗaya, shi ne mai miƙaƙƙen hannu. Akwai wanda take rufe rabin bakin, ana amfani da shi inda ƙofofi biyu suke ratayuwa a jikin allo guda, hannunsa yana da ɗan lanƙwasa. Akwai kuma wanda ƙofar take shigewa cikin akwatin ta yi daidai da bakinsa, shi ne mai babbar lanƙwasa. Faɗin ƙofar da za ka yanka ya bambanta a kowane hali, don haka wanda ya yanka ƙofa sannan ya tafi neman hinji, sa'a kawai yake nema.

Shi ƙoƙon faɗinsa milimita 35 ne, zurfinsa kuma wajen 12 zuwa 13, ana huda shi da bakin huda irin na Forstner wanda ke barin gindin rami a shafe. Tazarar da ake bari tsakanin gefen ƙofa da bakin ramin takan kama daga milimita 3 zuwa 6. Idan ka ɗauki 5, tsakiyar ramin za ta faɗa a milimita 22.5 daga gefe. Wannan tazarar ita ce ke ƙayyade yawan bakin akwatin da ƙofar za ta rufe, kuma kamfanonin da ke ƙera hinji irin su Blum na Ostiriya, da Hettich na Jamus, da Salice na Italiya, kowanne yana fitar da jadawalin awon nasa, wanda ya kamata a bi maimakon a yi hasashe. Daga sama da ƙasan ƙofa kuma a bar kimanin milimita 100 zuwa tsakiyar ƙoƙon. A jikin akwatin, farantin da hinjin ke kamawa yana zama ne a kan layin da ke milimita 37 daga bakin gaba, ramukan sukurunsa biyu kuma tazarar 32 ce a tsakaninsu. Kada ka fara da ƙofar gaske. Ka ɗauki guntayen allo biyu, ɗaya a matsayin ƙofa ɗaya a matsayin gefen akwati, ka huda ka ɗaura ka buɗe ka rufe, har sai ka gamsu da awon.

Yaya Mai Inji:
Ƙari a kan bayanin Malam, tunda da injin huda na hannu za ka yi aikin. Ƙofa mai kaurin milimita 18 idan ka cire mata 13, saura 5 kacal, kuma bakin Forstner yana da ɗan tsini a tsakiya wanda yake riga sauran bakin nutsewa. Idan ba ka kula ba, tsinin zai ɓullo ta fuskar ƙofar. Ka manna ɗan tef a jikin bakin hudar a daidai zurfin da kake so, ka riƙa ɗagowa kana fitar da garin, kana gwada ƙoƙon a ramin. Abin da ya fi wannan ma shi ne ka samu guntun filawud ka huda masa ramin 35 a daidai awon, ka kafa masa ɗan katako a gefe wanda zai tokare bakin ƙofa, sai ya zama ma'aunin da za ka riƙa ɗorawa a kan kowace ƙofa kana matse shi. Ta haka ramukan duk za su fito iri ɗaya, kuma bakin hudar ba zai zame ba.

Sai batun sukundireba. Sukurun yawancin waɗannan hinji irin Pozidriv ne, za ka gane su da 'yan ƙananan layuka huɗu da ke tsakanin hannuwan gicciyen da ke kan sukurun. Bakin Phillips yana kama da shi amma ba ya zama a ciki sosai, sai ya riƙa tsalle yana cinye kan sukurun. Ka nemi baki mai lamba PZ2. Kuma sukurun hinji da hannu ake ƙarasa ɗaure su, domin inji yana wuce gona da iri cikin daƙiƙa guda ya murje ramin, daga nan sakin ƙofa yake farawa tun ranar da aka kafa ta.

Baba Tsohon Kafinta:
Wannan maganar ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa. Amma Malam Mai Zane, ina da abin da ke damuna game da wannan daidaitawar da kuke yabo. Na lura yaran yanzu sun dogara da ita har sun daina kula da aikin akwatin, sai su haɗa shi yadda ya samu, su ce ai za a gyara a jikin hinji. Milimita 2 ɗin nan an yi ta ne domin gyaran ƙarshe, ba domin rufe karkataccen aiki ba. Idan aka murɗa sukurun daidaitawa har ƙarshensa tun ranar farko, to ranar da ƙofar ta ɗan sauka babu sauran abin murɗawa.

Malam Mai Zane:
Baba, a nan babu saɓani tsakaninmu ko kaɗan. Akwatin ne tushe. Zan ma ƙara da cewa abin da ke riƙe akwati a miƙe shi ne allon baya, wanda mutane suka fi rainawa. Idan aka yanka allon baya da kusurwoyi daidai, mai kaurin milimita 6 ko fiye, aka ɗaure shi da sukuru a dukkan gefuna huɗu, shi zai tilasta wa akwatin ya tsaya daidai. Siririn allo mai milimita 3 da aka buga da 'yan ƙusoshi ba ya yin wannan aikin na dogon lokaci. Sannan ko akwatin ya fito daidai a kan teburin aiki, idan aka ajiye shi a kan daɓen da ba shi da daidaito zai murɗe, ƙofofin su nuna hakan nan take. Shi ya sa ƙafafu masu murɗawa suke da amfani, a daidaita akwatin da ma'aunin ruwa tukuna, sannan a rataya ƙofofi.

Hajiya Mai Gyaran Gida:
Akwai abin da ba a taɓo ba, shi ne yawan hinji da girman ƙofar. Ƙofar da tsayinta bai wuce milimita 900 ba, hinji biyu sun ishe ta. Wadda ta kai wajen 1600 tana son uku. Doguwar ƙofar sif mai mita 2 kuwa huɗu take buƙata. Faɗi ma yana da nasa nauyin, domin duk yadda ƙofa ta ƙara faɗi haka take ƙara jan hinjin sama waje. Ni ba na wuce milimita 600 a faɗin ƙofa guda, idan bakin akwatin ya fi haka sai in raba shi biyu. Kuma a daina rataya kaya masu nauyi a bayan ƙofa idan ba a ƙara mata hinji ba.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Malam, na ga lambar 32 ta fito a bayaninka, na kuma lura mariƙan da na duba an rubuta musu 96, 128, 160. Akwai alaƙa ne?

Malam Mai Zane:
Akwai ƙwarai, duk ninkin 32 ne: sau uku, sau huɗu, sau biyar. Tsari ne da masana'antun kayan ɗaki na Turai suka daidaita a kansa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake buƙatar kayan ɗaki masu yawa cikin gaggawa. Ana jera ramuka masu faɗin milimita 5 a jikin gefen akwati, tazarar 32 tsakanin kowane biyu, layin gaba yana 37 daga baki, sai ya zama hinji, da relin durowa, da 'yan turakun da ke ɗauke da kanta, wato allon ajiye kaya, duk suna iya shiga waɗannan ramukan. Ba dole ba ne mai aiki a gida ya huda layin gaba ɗaya, amma sanin tsarin yana taimakawa, domin idan mariƙi ya karye bayan shekaru, wani mai tazarar 128 zai shiga ramukan tsohon ba tare da sabuwar huda ba. Wajen huda ramin mariƙi, ka fara daga fuskar ƙofa ka tokare bayanta da guntun katako, domin bakin hudar kada ya ɓalle allon a inda yake fita.

Yaya Mai Inji:
Tunda an shigo batun durowa, a nan ne awo ya fi tsanani, domin reli ba shi da sassaucin da hinji yake da shi. Relin da ake ɗaurawa a gefe mai boris yana cin milimita 12.7 a kowane ɓangare, saboda haka akwatin durowar zai kasance ƙasa da faɗin bakin da kimanin milimita 26. Idan durowar ta fi haka faɗi za ta yi tauri ta cinye boris ɗin, idan ta yi ƙanƙanta sosai kuma relin zai riƙa buɗewa yana kuɓucewa. Gara ta ɗan gaza kaɗan, domin ana iya cike gibin da siririn abu a bayan relin, amma wadda ta yi yawa sai an sake ta. Kuma kada ka yi lissafi da lambar da aka kira allon da ita. Filawud ɗin da ake ce wa 18 sau da yawa yana zuwa 17 da ɗoriya, don haka ka haɗa akwatin kabad ɗin tukuna, ka auna bakin a gaba da tsakiya da baya, sannan ka yanka durowa bisa awon da ya fi ƙanƙanta. Wajen ɗaura relin, ka yanka guntun allo a tsayin da kake so ka jingina shi a jikin gefen akwatin, ka ɗora relin a kansa ka ɗaure, sannan ka kai guntun ɗaya gefen. Ta haka relin biyu za su zauna a tsayi guda ba tare da dogaro da fensir ba. Idan durowar a bayan ƙofa za ta zauna, ka tuna hinji da kaurin ƙofar suna shigowa cikin bakin, sai an sa katakon cikewa a gefen hinjin kafin durowar ta samu hanyar fita.

Baba Tsohon Kafinta:
Yarona, duk wannan awon da ake faɗa maka ba zai yi amfani ba idan yankanka ba a miƙe yake ba. Zarton lantarki na hannu ba ya bin layin fensir da kansa. Ka matse miƙaƙƙen katako a kan allon ya zama jagorar zarton, ka juya kyakkyawar fuskar allon ƙasa domin haƙoran suna fita ta sama ne, nan suke ɓalle allo. Ka sa bakin zarto mai haƙora da yawa, 48 ko 60, kuma ka tuna bakin yana cinye wajen milimita 3, saboda haka a gefen da za a zubar ake yanka. Tef guda za ka riƙa aunawa da shi daga farko har ƙarshe, domin tef biyu ba safai suke zuwa daidai da juna ba. Cizal ɗinka kuma ka wasa shi a kusurwar digiri 25 zuwa 30 har sai ya iya yanka bakin katako ba tare da ka danna da ƙarfi ba, domin dakusasshen cizal shi yake zamewa ya sari hannu.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Iyayena, ku yi mini afuwa in shigo da abin da ya shafi jikin mai aikin, domin wurin aikin gida yakan kasance ƙaramin ɗaki ne da iska ba ta ratsa shi sosai. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, musamman a hanci da kogunan da ke kewaye da shi. Ƙurar MDF kuwa ta fi laushi, tana daɗewa a iska, ga kuma gam ɗin da aka haɗa allon da shi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙurar, a nemi takunkumi mai lamba FFP2 ko N95 wanda yake manne wa fuska, a yi yanka a waje idan da hali, a kuma kare ido da kunne. Abu biyu kuma ina roƙo da babbar murya. Kada a ɗaura bakin zarton katako a jikin giranda, domin ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, kusan ninki biyu na zarton lantarki, kuma idan haƙoran suka cije a katako sai ta fizge ta dawo kan mai riƙe da ita. Sannan tsumman da aka shafa man katako irin na linsid da shi kada a dunƙule shi a jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta. A shanya shi a buɗe ya bushe, ko a jiƙa shi a ruwa.

Sabon Hannu:
Na gode, Malama, na ɗauki wannan da muhimmanci. Saura tambaya biyu. Kanta mai tsawon nawa zan iya yi ba tare da ta lotsa ba? Kuma idan ramin sukurun hinji ya riga ya murje a tsohon kabad, dole ne a sake allon?

Malam Mai Zane:
A kan kanta, tsawo ne ke yin ɓarna fiye da yadda ido yake zato. Idan ka ninka tsawon kanta biyu ka ɗora mata nauyin da take ɗauke da shi a da, lotsawarta za ta ninka sau takwas, idan kuma ka cika ta da kaya daga wannan gefe zuwa wancan, sau goma sha shida. Kauri kuma yana aiki ta ɗaya ɓangaren da irin wannan ƙarfin, shi ya sa allo mai milimita 25 ya fi mai 18 tauri fiye da ninki biyu da rabi. Ga kaya masu nauyi, ni ba na wuce milimita 800 da filawud mai 18, MDF da allon ɓarɓashi kuma ina tsayawa wajen 600, domin su suna ci gaba da lotsawa a hankali tsawon shekaru ko da ba a ƙara musu kaya ba. Idan dole kantar ta yi tsawo, ka manna mata katako na asali mai faɗin wajen milimita 40 a tsaye a bakin gaba, ka kuma ɗaure ta da allon baya.

Hajiya Mai Gyaran Gida:
Ramin da ya murje ba ya buƙatar sake allo. Abin da bai kamata ba shi ne a sa sukuru mai tsawo, domin gefen akwatin milimita 18 ne kawai, duk abin da ya wuce 16 yana iya ɓullowa waje. Ka faɗaɗa ramin da bakin huda mai milimita 8 ba tare da ka ratsa allon ba, ka shafa farin gam na katako a jikin turken katako mai irin wannan kaurin ka cusa shi, ka bar shi awa 24, ka yanke abin da ya fito ka shafe, sannan ka huda ƙaramin rami ka mayar da sukurun. Idan allon ɓarɓashi ne kuma wurin ya ɓalle da faɗi, akwai farantin ƙarfe na gyara da ake ɗaurawa a kan wurin, wanda ke kai sukurun inda allon yake da lafiya. Amma idan ruwa ne ya kumbura allon har yana marmashewa a hannu, babu gam ɗin da zai riƙe shi, sai a cire wannan gefen a sa sabo.

Baba Tsohon Kafinta:
Hajiya ta faɗi yadda ake yi. Ni kuma ina da magana a kan kabad ɗin sama, tunda kicin ne, kuma shi ne wanda idan ya faɗo zai iya raunata mutum. Kada a rataya shi ta siririn allon baya. A sa katako mai ƙarfi a ciki ta sama, wanda aka haɗa da gefunan akwatin, sukurun bango su bi ta cikinsa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a tsaga falanki ta tsawo a kusurwar digiri 45, a ɗaure rabi a bango bakinsa yana kallon sama, ɗaya rabin a bayan kabad bakinsa yana kallon ƙasa, sai su sarƙe da juna, nauyin kabad ɗin ya riƙa ƙara jawo shi jikin bangon. Da wannan, mutum ɗaya yana iya daidaita falankin bango da ma'aunin ruwa ba tare da yana ɗauke da kabad a kafaɗa ba. A bangon bulo, a tabbatar sukurun da robarsa sun wuce filasta sun shiga jikin bulon da aƙalla milimita 50, kuma a guji layin siminti da ke tsakanin bulo da bulo. Bayan an rataya, a ƙara sukuru guda ta ƙasa ya shiga bango, domin kabad ɗin kada ya ɗagu idan wani ya buge shi daga ƙasa.